Wasiƙar Shaida da Neman Gurbin Karatun Mataimakin Likita a Amurka

A wajen ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara ake buɗe ƙofar neman gurbin karatun mataimakin likita a ƙasar Amurka. Daga wannan lokaci har tsawon watanni, dubban matasa waɗanda suka kammala digirin farko, yawancinsu a ilmin halittu ko ilmin sinadarai ko wani fanni na kiwon lafiya, sukan shiga fafutikar tattara takardu. Sakamakon jarrabawa yana ofishin rajistara, sai a biya kuɗi a aika. Bayanin dalilin son aikin kuwa mai nema ne zai zauna ya rubuta da hannunsa. Abu guda ne ba ya hannunsa, wato wasiƙun da wasu mutane za su rubuta su shaidi halinsa da ƙwazonsa. A nan ne da yawa suke tuntuɓe, kuma tushen tuntuɓen shi ne sun ɗauki wasiƙar a matsayin alfarma da ake roƙo wurin babban mutum, alhali kuwa shaida ce da ake nema wurin wanda ya gani da idonsa.

Kafin a shiga batun, ya kamata a san ko wane ne mataimakin likita. Wannan aiki ya samo asali ne a 1965 a Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa, lokacin da Dakta Eugene Stead, shugaban sashen koyar da aikin likita, ya lura da ƙarancin likitoci, musamman a karkara. Ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan jinya na rundunar sojan ruwa mutum huɗu, waɗanda suka riga suka ƙware da ɗinke rauni da kula da majinyata a aikin soja, ya tsara musu karatun shekara biyu. Uku daga cikinsu suka kammala a ranar 6 ga Oktoba, 1967. Yau makarantun da aka amince wa ba da wannan horo sun haura 300, masu riƙe da takardar ƙwarewa kuma sun wuce 170,000 a ƙarshen 2023. Mataimakin likita yana duba marar lafiya, yana gano cuta, yana rubuta magani, yana taimakawa a ɗakin tiyata, amma dai yana aiki ne tare da likita, gwargwadon yadda dokar kowace jiha ta tanada. Ghana ma tana da irin wannan ma'aikaci, an kuma fara horar da shi a Kintampo tun 1969. A Nijeriya wanda ya fi kusa da shi shi ne jami'in kiwon lafiyar al'umma, ko da yake horonsu da iyakar aikinsu ba ɗaya ba ne.

Karatun na digiri na biyu ne, yana ɗaukar wajen wata 27. Wato cikin ɗan abin da ya haura shekara biyu ake so a ɗura wa ɗalibi wani babban kaso na abin da ɗalibin likita yake koyo a shekara huɗu. Don haka makarantun ba sa ɗaukar ɗanyen mutum. Suna neman wanda ya ci darussan ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi da ƙananan halittu da sinadarai, kuma da yawansu suna sharɗanta cewa ya riga ya yi aiki da majinyata na wasu sa'o'i: wata makarantar 500, wata 1,000, wata har 2,000. Shi ya sa za a tarar mai nema ya yi shekara ɗaya ko biyu yana aikin motar ɗaukar marasa lafiya, ko yana ɗibar jini a ɗakin gwaji, ko yana wanke tsofaffi da juya su a gidan jinya. Duk da haka waɗanda ake ɗauka a kowace shekara ba su kai rabin masu nema ba.

Tun 2001 yawancin makarantun suke karɓar takardu ta wata kafa guda da ake kira CASPA. Mai nema ba ya riƙe wasiƙar shaida a hannunsa ko kaɗan. Sunan mai shaida da adireshinsa na imel kawai yake sakawa, sai kafar ta aika masa da saƙo, shi kuma ya shiga ya auna mai nema a kan wasu halaye, kamar riƙon amana da tausayi da iya aiki cikin jama'a da iya magana da rubutu, sannan ya ɗora wasiƙarsa. Kafar tana karɓar wasiƙu har biyar, yawancin makarantu kuma uku suke buƙata, kuma da dama suna so aƙalla ɗaya ta fito daga likita ko mataimakin likita. Wasiƙar da aka ɗora ita ce za ta tafi duk makarantun da aka nema, don haka mai shaidar da ya yi ta yabon dacewar ɗalibi da wata makaranta guda da sunanta ya yi masa ɓarna a sauran. Ba a karɓar shaidar dangi ko ta aboki.

To, me kwamitin zaɓe yake nema a cikin wasiƙa wanda bai samu a sakamakon jarrabawa ba? Maki yana nuna cewa mutum ya iya karatu. Adadin sa'o'i yana nuna cewa ya halarci asibiti. Babu ɗaya daga cikinsu da yake faɗin abin da mutumin ya yi ranar da ya yi kuskuren manna suna a kwalbar jini, ko ya ɓoye ko ya je ya faɗa. Ko yadda ya yi da tsohon da ya ruɗe yana zaginsa da tsakar dare. Ko kuwa idan babba ya gyara masa aiki yakan karɓa ko yakan kumbura. Ga ma'aikacin da zai yi rayuwarsa yana yanke shawarar abin da zai iya da kansa da abin da dole ya kira likita, sanin iyakar kai shi ne babban jari. Wannan kuwa sai wanda ya tsaya kusa da shi yana aiki ne zai iya shaidawa.

Daga nan ake gane kuskuren da ya fi yawa, wato farautar suna. Mai nema yakan tsallake mataimakiyar likitar da suka yi wata goma sha takwas suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ya tafi wurin shugaban sashen tiyata wanda sau biyu suka taɓa gaisawa a baranda. Shugaban, don kara, sai ya yarda. Abin da zai fito shi ne layi shida na kalmomi masu daɗi: mai ƙwazo ne, mai ladabi ne, ana sa ran zai yi nasara. Mutanen da suke karanta ɗaruruwan wasiƙu a mako sun san wannan iri tun daga layin farko, domin babu rana a cikinta, babu majinyaci, babu wani abu da ya taɓa faruwa. Gani ya kori ji. Haka nan mai bin likita a baya yana kallo na kwana uku bai ba likitan abin da zai shaida ba, illa dai cewa ya zo kan lokaci kuma ya sa tufafi masu tsabta.

Tarihin ilmin halittu yana da misali mai kyau na shaidar da ta yi aiki. A watan Agusta na 1831 aka nemi Farfesa John Henslow, malamin ilmin tsirrai a Jami'ar Kambirij, ya ba da sunan wanda zai raka Kyaftin FitzRoy a jirgin ruwan Beagle don nazarin halittu. Ya ba da sunan wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Charles Darwin, wanda ya bar karatun likita a Edinbara ba tare da ya gama ba. Henslow bai ce saurayin gogaggen masani ne ba. A wasiƙar da ya rubuta masa ya bayyana ƙarara cewa bai ɗauke shi wanda ya gama ƙwarewa ba, sai dai ya isa ya tattara, ya lura, ya kuma rubuta abin da ya cancanci rubutawa. Ya san haka ne domin sun sha yawo tare a dajin da ke kewaye da Kambirij, har ana yi wa Darwin laƙabi da mai yawo da Henslow. Ƙarfin wannan shaida yana cikin iyakarta: ta faɗi abin da saurayin ya iya, ta kuma faɗi inda bai kai ba. Irin wannan ce ya kamata mai nema ya yi fatan samu, kuma ba ta samuwa sai wurin wanda aka yi tafiya tare da shi.

Malamin jami'a yana da nasa gurbi a cikin ukun, amma nan ma sai an zaɓa. Wanda ya koyar da aji mai mutum ɗari huɗu ba abin da zai ƙara a kan makin da ke takarda. Wanda ya duba aikin binciken shekarar ƙarshe, ko ya ga ɗalibi a ɗakin gwaji yana maimaita gwajin da ya ƙi har sau biyar, shi ne yake da magana.

Sai yadda ake tambaya. Yawancin masu nema sukan ce, ko za a taimaka a rubuta musu wasiƙa. Wannan tambaya ba ta bar wa wanda aka tambaya hanyar fita ba, domin mutum kaɗan ne zai iya duban ƙaraminsa ya ce a'a. Abin da ya fi shi ne a tambaye shi ko yana ganin ya san mai nema sosai har zai iya rubuta masa shaida mai ƙarfi, a kuma nuna masa cewa idan bai sami dama ba, ba komai. Wanda ya yi jim, ko ya fara kawo uzurin yawan aiki, ya riga ya ba da amsa. Labarin zuciya a tambayi fuska, abin da ya sa tambaya baki da baki ta fi saƙon imel. A gode masa a nemi wani. Dalili kuwa shi ne a al'adar rubuta shaida ta Amurka kusan ba a kushe kowa a fili. Kushen yana zuwa ne ta hanyar yabo mai sanyi. Idan aka ce mutum yana zuwa aiki kan lokaci kuma yana yin abin da aka sa shi, ba a ƙara komai ba, mai karatu ya fahimci cewa babu abin ƙarawa ne. Ƙin da aka yi wa mai nema a ofis ba wanda zai ji labarinsa, amma wasiƙa mai sanyi za ta zaga duk makarantun da ya nema, kuma da zarar an ɗora ta ba shi da ikon janye ta.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Makarantu da yawa suna duba takardu ne yayin da suke isowa, suna kiran mutane ganawa suna cika gurabe tun kafin ranar rufewa. Wanda takardunsa suka cika a watan Yuni da wanda nasa suka cika a Satumba ba gurabe ɗaya suke nema ba, ko da makinsu ɗaya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata a yi magana da masu shaida tun Fabrairu ko Maris, a ba su aƙalla mako shida, a haɗa musu taƙaitaccen tarihin karatu da aiki, da bayanin dalilin son aikin, da ɗan tuni a kan abubuwan da aka yi tare. Wannan tunin ba koya wa mai shaida abin faɗa ba ne. Likitan da ya ga majinyata dubu a shekara zai iya mance daren da wani ma'aikaci ya lura numfashin wata mata ya sauya ya ruga ya kira shi, amma da an ambata zai tuna, kuma shi ne zai yanke ko abin ya isa rubutawa.

Akwai kuma wani ɗan akwati da mai nema zai cika, inda ake tambayarsa ko ya yafe haƙƙinsa na ganin wasiƙar. Wannan ya samo asali ne daga wata dokar tarayya ta 1974 wadda ta ba ɗalibi ikon duba takardun da makarantarsa ta ajiye a kansa, har da wasiƙun shaida, sai fa in ya yafe. Wasu suna ganin yafewa kamar sakin makami ne. A gaskiya kuwa ƙin yafewa ba ya kare kowa, domin dokar tana amfanar wanda aka ɗauka ya shiga makarantar ne, shi kuwa wannan me zai yi da wasiƙar? Abin da ƙin yafewa yake jawowa shi ne mai shaida ya riƙa auna kalmominsa, kwamiti kuma ya rage wa wasiƙar daraja. Wanda bai amince da abin da mutum zai rubuta a bayan idonsa ba, tun farko bai kamata ya tambaye shi ba.

Mafi muni daga cikin al'adun da suka yaɗu shi ne mai shaida ya ce wa mai nema ya rubuto da kansa, shi zai sa hannu. Ana yin haka a ko'ina, kuma ana kiransa sauƙaƙawa. Sunansa na gaskiya shaidar zur, ko da duk abin da aka rubuta gaskiya ne, domin kwamiti yana karantawa ne bisa zaton idon wani ne ya gani. Ban da haka, ramin ƙarya ƙurarre ne: salon mutum yana bin sa, kuma bayaninsa na kansa yana nan a gefe ana kwatantawa. Tun ƙarshen 2022 da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu rubutu suka yawaita, matsalar ta sake kama. Yanzu cikin minti guda ana samun wasiƙa mai santsi wadda ba ta da kuskure ko ɗaya kuma ba ta ga kowa ba. Abin da wannan ya haifar shi ne santsin harshe ya faɗi a kasuwa, labari ɗaya tak na abin da ya faru a gado na bakwai ranar Laraba ya ƙara tsada.

Sai dai adalci ya wajabta a tambaya, shin ita kanta wasiƙar ma'auni ce mai kyau? Binciken masana bai yi mata sassauci ba. A 1981 Baxter da abokan aikinsa sun nuna cewa wasiƙu biyu da mutum ɗaya ya rubuta a kan ɗalibai daban-daban sun fi kama da juna fiye da wasiƙu biyu da mutane daban-daban suka rubuta a kan ɗalibi ɗaya. Wato wasiƙa ta fi bayyana marubucinta a kan wanda aka rubuta dominsa. A 2014 Nathan Kuncel da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike masu yawa, suka ga dangantakar wasiƙa da ƙoƙarin ɗalibi a gaba tana nan amma ba ta da ƙarfi, kuma ba ta ƙara wani abin kirki a kan maki wajen hasashen makin gaba. Ga kuma son zuciya. Frances Trix da Carolyn Psenka sun nazarci wasiƙu sama da 300 na masu neman aikin koyarwa a wata makarantar likitoci, suka buga a 2003 cewa na mata sun fi gajarta, sun fi ɗauke da kalmomin da ke sa shakka, kuma an fi yabon mata da wahala da juriya. A 2016 Kuheli Dutt da abokan aikinta suka duba wasiƙu 1,224 daga ƙasashe 54 a fannin kimiyyar ƙasa, suka tarar damar mace ta samun wasiƙa ta ƙoli rabin ta namiji ce, ko namiji ne ya rubuta ko mace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga aikin da yawancin masu yin sa a yau mata ne.

Mai jin wannan zai iya cewa to a jefar da wasiƙar mana. Amma a cikin binciken Kuncel ɗin akwai wuri guda da wasiƙa ta ƙara haske a kan maki, shi ne hasashen wanda zai daure har ya kammala karatu. A makarantar da ajinta bai wuce mutum arba'in ko hamsin ba, kuma kowane wanda ya fice ya tafi da kujerar da wani ya rasa, wannan shi ne ainihin abin da ake son sani. Idan kuma aka soke ta, abin da zai rage shi ne maki da kuma abin da mutum ya faɗa game da kansa, na biyun kuwa ya fi wasiƙa rauni. Gyara ya fi. Malaman sashen agajin gaggawa a Amurka sun nuna hanya tun tsakiyar shekarun 1990, da suka fito da wasiƙa mai tsari guda wadda take tilasta wa mai shaida ya faɗi matsayin ɗalibi a cikin sa'o'insa, ko yana cikin kashi goma na sama, ko sulusin farko, ko na tsakiya, ko na ƙasa, ya kuma faɗi mutum nawa ya saka a kowane mataki a bara. Mai yabon kowa da kowa sai asirinsa ya tonu da alƙaluman kansa. Ma'aunin halayen da CASPA take bayarwa mataki ne zuwa can, amma bai kai ba, tunda ba ya tambayar mai shaida yadda ya auna wasu. Makarantun mataimakan likita ya kamata su ɗauki wannan darasi gaba ɗayansa.

Binciken Dutt ya gano wani abu kuma da ya shafi malaman jami'o'in wannan yanki kai tsaye: wasiƙun da suka fito daga nahiyar Amurka sun fi na ko'ina tsawo. Wanda ya yi digirinsa na ilmin halittu a Kano ko Zariya ko Kumasi, ya ƙaura, ya yi shekaru yana aikin jinya a Amurka, wata rana zai aiko wa tsohon malaminsa saƙo yana neman shaida. Abin da aka saba bayarwa a nan shi ne takarda mai hatimi mai layi huɗu, wadda take tabbatar da cewa wane ɗalibi ne a sashen daga shekara kaza zuwa kaza, kuma ba a taɓa samun sa da laifi ba. A gida wannan mutunci ne da kamun kai. A teburin kwamitin Amurka, kusa da wasiƙa mai shafi ɗaya da rabi cike da misalai, ana karanta ta a matsayin hannunka mai sanda. Malamin da ya yarda zai rubuta, sai ya faɗi tsawon lokacin da ya san ɗalibin da kuma ta wace fuska, ya faɗi yawan ajin da matsayinsa a ciki, ya bayyana cewa maki 70 a tsarin jami'arsa shi ne matakin ƙoli, domin a can 70 maki ne na tsaka-tsaki, sannan ya kawo abu ɗaya ko biyu da ya gani da idonsa. Ya kuma riƙa duba akwatin imel ɗinsa, har da inda saƙonnin banza suke faɗawa, domin gayyatar kafar takan maƙale a can, ɗalibi yana can yana jira kujeru suna cika. Idan kuwa bai tuna ɗalibin ba, ya gaya masa haka tun da wuri. Shi ma ɗalibin, idan ya yi shekara shida da barin jami'a, ya fi masa alheri ya nemi malamin da ya koyar da shi darussan share fage a can, ya bar sauran gurabe ga waɗanda suka gan shi da majinyata.

Wanda bai dace ba a zagayen farko, kuma su ne mafi yawa, ya sani cewa kafar ba ta ɗauko tsofaffin wasiƙu zuwa sabuwar shekara, sai an sake neman masu shaida sun sake ɗorawa. Wannan dama ce ta sauya wanda aka yi shakkarsa, da kuma komawa wurin waɗanda suka tsaya da gaske a gaya musu yadda aka ƙare da abin da aka ƙara cikin wata goma sha biyun da suka wuce, ko sabon darasi ne aka ci, ko sa'o'i dubu aka ƙara a sashen gaggawa, don wasiƙar bana ta ɗauki abin da ta bara ba ta da shi.